Ƙafafun Inna Hajo

Shekarun da ake yaƙin basasa, gidaje da yawa a cikin birnin Kano zaman jigum suke yi, kunne na kan rediyo, ana jiran labarin ɗa ko ƙane da ya tafi bakin daga. Amma ban da gidan Malam Sabo na bayan Dala. Can dariya ake tun hantsi har rana ta faɗi, don shi yaƙin da alheri ya zo masa. Manja ya daina zuwa daga kudu, kowa ya koma kan man gyaɗa. Wani ɗan kwangila mai kai wa sojoji abinci ya ce da shi duk man da gidansa zai iya matsewa, da ƙuli-ƙulin, a kawo, ba sai an yi ciniki ba. Nan da nan Sabo ya sayi rediyo mai jakar fata, ya sayi babur, ya sa haƙorin Makka alhali ko filin jirgi bai taɓa zuwa ba.

Mai matse man kuwa surukarsa ce, Inna Hajo, uwar matarsa Uwani. Doguwar Bafulatana ce mai yawan raha, miji ya rasu, shanu sun watse, ta shigo birni wajen 'yarta. Ranar da ta zo ta ce ita ba ta iya zama hannu sake ba. Aka miƙa mata muciya don ta ɗan rage zaman. Ba a sake karɓa ba.

Ita ke soya gyaɗar, ita ke murzawa ta sheƙe. In an dawo da gyaɗar daga inji, ita ke tsayuwa kan turmi tana ɗiga ruwan zafi tana juyawa, har tunkuza ta haɗe, mai ya taso sama garau kamar zuma. Ƙanshinsa har gidajen maƙwabta. Sai dai Hajo ba ta san ɗanɗanonsa ba. Sabo da kansa yake tsayawa a ɗura a garwa, ya leƙa, ya jijjiga, ya liƙe bakin. Ita kuma ga mai har gwiwar hannu, amma da toka take wanke shi. Kayan suruki ne, ba a ce mata ci ba.

Kullum da safe in zai fita, sai ya tuɓe takalmi tun daga bakin rumfa, ya durƙusa nesa da ita, kai a ƙasa. Ita kuma ta ja mayafi ta juya gefe. Surukai ke nan, ba a haɗa ido.

"Inna, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Malam."

"Ya gajiyar aiki?"

"Ba gajiya."

Sai ya ɗaga murya yadda za a ji har soro. "Uwani! An ba Inna abinci kuwa? Inna, an dai ci ko?"

"Alhamdu lillahi. Har na ture."

"Madalla! Kun dai ji da kunnenku."

Ya miƙe ya buga babur, yara su bi shi da ihu har bakin lungu.

To me za ta ce? Tun tana yarinya a ruga aka koya mata mace ba ta cewa tana jin yunwa, balle a gidan suruki. Ba ta cin abinci inda idonsa zai iya kaiwa, ko ruwa sai ta shiga ɗaki. Uwani kuma 'yar fari ce. Hajo ko sunanta ba ta faɗa, ba ta yi mata magana kai tsaye sai dole. Wajen kaka aka goye ta, shi ya sa take kiran uwarta Adda, kamar wata yayarta. Ga suruki ta nan, ga 'yar fari ta can, bakin tsohuwa a tsakiya a ɗinke. Sabo ya san wannan sarai. Ba wanda ya kai shi riƙon al'ada in al'adar za ta rage masa cefane.

Tunda arziki ya zo, abokai suka zo. Tuwon shinkafa da miyar taushe da nama soro ake fara kaiwa, kwanuka su dawo kamar an wanke. Yara su share na tukunya. Ita kuwa Inna akwai nata na musamman. Ɗan kwangilar nan ya ba Sabo buhunan garin kwaki da sojoji suka ƙi, sun ce da ɗaci, yana sa musu ciwon kai. Sabo ya sa aka jibge su a ɗakin Inna, ya ce ga shi kusa da hannu, duk lokacin da ta so ta jiƙa, ba sai ta jira kowa ba. Mai kuma akwai baƙin da ke ragewa a kasko bayan an soya ƙuli, an soya, an sake soyawa, wanda ba mai saye. Da safe gari da baƙin mai. Da rana gari da baƙin mai. Da yamma, don a ɗan canza, baƙin mai da gari.

Daga tafin ƙafa abin ya fara. Kamar tururuwa na yawo a ciki. Daga baya tururuwar ta tafi, sai ta ji kamar a kan buhun auduga take tafiya, ƙasa ba ta taɓa ta. Abin ma dariya ya ba ta. In ta nufi randa sai ƙafa ta kai ta madafi. Ta koma ware ƙafafu, tana ɗaga su sama tana bugawa, don ta tabbatar ƙasar tana nan.

Jikoki suka gani, suka samu abin yi. Lokacin kowane yaro a birni soja yake son zama. Suka jera bayanta da karare a kafaɗa.

"Lef, rai! Lef, rai! Saje Kaka ya sha burkutu!"

"Ungo naku!" in ji Hajo, ta watsa musu yatsu biyar. "Ku da ko wando ba ku iya ɗaurewa ba. Ni za a tura in gama yaƙin nan, ku kuna nan kuna lasar majina."

Ta ƙara tangaɗi da gangan, ta saɓa muciya a kafaɗa ta sara musu. Uwani na dariya har da riƙe ciki. Sabo ya shigo ya tarar, ya manta da surukuta ya ƙyalƙyale, sannan ya tuna, ya koma soro da gudu ya ƙarasa a can. Har labari yake ba abokansa, wai gidansa akwai albarka, tsohuwa ma fareti take yi.

Hajo ta fi kowa dariya. Kanta wani iri yake yi mata, sakayau, kamar yarinyar da ta yi ta juyawa ta tsaya. In tana dariya ba ta jin tsoron abin. Sai in ta zo alwala, ta tsiyaya ruwa a ƙafa, ta ga ruwan da ido amma sanyinsa bai iso ba. Nan ne dariyar ke tsayawa. Ƙafafun nan su suka bi shanu da ita rani da damina, su kaɗai ne dukiyar da ba a raba gado da ita ba. In sun tafi, sai dai a ɗauke ta a ajiye kamar turmi.

Wata rana 'Yardada dillaliya ta shigo da ƙullin kayanta a ka. Babarbariya ce, don haka tsakaninta da Hajo ba gaisuwa sai tsiya, irin wasan Barebari da Fulani.

"Ke baiwata, wannan wace sabuwar rawa ce Fulani suka fito da ita?"

"Wa ke baiwar wani? Ku da kakanninmu suka saya da ƙwaryar nono, nonon ma tsala?"

"Bakin nan dai bai tsufa ba. To ina takalminki ɗaya?"

Hajo ta duba ƙasa. Ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu. Ga shi can gindin turmi. Ta zagaye tsakar gida a haka ba ta sani ba.

"Au," ta ce, tana dariya. "Ya gaji da ni."

'Yardada ba ta taya ta ba. Ta sauke ƙullinta, ta ce ta ɗauko mayafi. Bayan la'asar ta ja ta wajen ɗan ƙanenta, Malam Isyaku, malamin asibiti ne, in ya taso aiki yakan duba 'yan unguwa a soronsa.

Ya ce ta haɗe ƙafafu ta rufe ido. Tana rufewa ta tafi luu, sai da 'Yardada ta tare ta. Ya zaunar da ita, ya ɗauki tsinke ya soka a babban yatsa.

"Kin ji, Inna?"

"Ka fara ne?"

Ya yi ta hawa, idon sawu, sama da idon sawu. Sai da ya kai tsakiyar ƙwauri ta ce wash.

"Inna, me kike ci a gida?"

"Komai da komai, ɗan nan. Nama har sai na gaji da tauna."

"Ƙarya take, Isyaku," in ji 'Yardada. "Garin kwakin da soja ya ƙi, da man da ya fi gindin tukunya baƙi. Na leƙa kwanon da idona."

"Ke Babarbariya, bakinki ba marfi!"

Isyaku ya ajiye tsinken. "Inna, ke mai matsar mai ce. In aka bar mai a buɗe, iska na dukansa, wuta na dukansa, me yake zama?"

"Ya canza wari, ya riƙa kama maƙogwaro."

"To, jijiyoyin da ke kai labari daga ƙafarki zuwa kanki, kowace da 'yar rigarta ta maiƙo, siririya. Abin da ke ɓata mai a kasko, irinsa na cikin jikin kowa, kullum yana cin rigar nan. Allah kuma ya sa masu tsaronta a cikin abinci. Sabon man gyaɗa, gyaɗar kanta, manja in an samu, zogale, rama, alayyahu, ƙwai. Ke kin daina cin masu tsaron, kin koma shan man da ya riga ya ƙone. Ga garin nan, in ba a bar rogon ya tsima sosai ba, da sauran guba a cikinsa, ita ma jijiya take nema. Abin da ya mutu a yatsu ban yi miki alkawari ba. Amma na sama ana iya tsare shi, in an fara yau."

"To a wane kanti ake samun maganin?" in ji 'Yardada.

"Gwaggo, ai rabinsa yana cikin turminta."

Suka fito suna dariya kamar 'yan mata. Hajo na riƙe da kafaɗar 'Yardada, tana tangaɗi tana cewa ashe ita likita ce ba ta sani ba, a kawo mata farar riga. Sai da suka hango ƙofar gida dariyar ta ragu. Wa zai buɗe baki ya roƙa?

"Bar ni da shi," in ji 'Yardada. "Ni ba surukina ba ne."

Ta tare Sabo a tsakar gida yana goge babur. Hajo ta shige ɗaki ta saki labule, kunya kamar ta nutse, amma kunnenta na waje.

"Subhanallahi!" in ji Sabo. "Inna ba lafiya, ba a gaya mini ba? Ni da kullum sai na tambaye ta? Uwani, ba na tambaya?"

"Kana tambaya."

"Me take cewa?"

"Ta ce ta ƙoshi."

"To! Gwaggo, so kike in ce da surukata ƙarya take yi? Ni ba a yi mini wannan tarbiyyar ba."

"Ba wanda ya ce ka ƙaryata ta. Ka ba ta man, ka daina ba ta garin nan."

"Ai Fulani ba sa son maiƙo. Dubi jikinsu mana. Kin taɓa ganin Bafulatana mai ƙiba?"

"Man shanun da suke sha fa, ruwan rijiya ne?"

"Kuma yaƙi ake yi, Gwaggo, yaƙi. Man nan ba nawa ba ne. Na 'ya'yan mutane ne da ke kwance a rami ana yi musu ruwan harsashi. Su malaman asibiti ba abin da suka sani sai a ci kaza, a ci ƙwai."

"To shi ke nan. Yanzu gidan Alhaji Ilu zan kai kaya, daga can in wuce gidan liman. In sun tambaye ni lafiyar Inna, sai in ce yaƙi ake yi."

Sabo ya dubi bakin 'Yardada, ya tuna ba gidan da bakin nan ba ya shiga. Sai ya miƙe ya gyara hula.

"Uwani! Daga yau a riƙa ɗibar wa Inna ludayi guda kullum, sabo, na fari. A sayo zogale. Ni Sabo na faɗa!"

Washegari Uwani ta ɗiba ta sa a ɗan kwano, ta rufe, ta ce sai anjima in Adda ta gama aiki. Da aka zo ɗuri, Sabo ya leƙa garwa, ya jijjiga, ya sake leƙawa.

"Wannan ai ba ta cika ba. Ɗan kwangilar nan yatsa yake sawa. In ya ga giɓi zai ce mun fara ha'inci, ya koma wani gida."

Ya dubi Uwani. Can ta je ta ɗauko ɗan kwanon. Aka juye. Garwa ta cika.

"Gobe a ɗibar mata biyu," in ji Sabo.

Goben ma haka aka yi. Garwar gidan Sabo wata irin garwa ce, kullum ludayin Inna take jira ta cika. Zogale kuwa an sayo, ba a ce ba a sayo ba. Uwani ta yi kwaɗo da ƙuli da albasa, ƙanshi ya kai soro, abokan maigida suka ce rabonsu da irin wannan tun a ƙauye. Kwano ya dawo da cokali kawai.

Da yamma Uwani ta tsaya bakin ƙofar ɗakin, tana kallon bango.

"Adda, ki yi haƙuri. In garwa ba ta cika ba ni zai yi wa faɗa, kin san halinsa. In yaƙin nan ya ƙare, wallahi har wanka za ki yi da mai."

Hajo ba ta dube ta ba. Wata kaza ce ke tsattsaga a bakin ƙofa, ita ta yi wa magana.

"Ke kaza, ce wa masu gidan nan ba komai. Ce musu tsohuwa ba ta kawo ƙara ba."

Uwani ta ji sanyi a ranta, ta koma wajen rediyo, ana kiɗan da take so.

Sau ɗaya Hajo ta kusa. Tana kan turmi, ba kowa, mai na bin yatsanta yana ƙyalli. Ta ce a ranta, magani ne fa, ba kwaɗayi ba. Ta ɗaga yatsan har ya kusa leɓe. Sai ga ƙarar babur a lungu. Ta goge shi a zane da sauri, kamar an kama ta da hannu a aljihun mutum.

Kada a ce Sabo bai yi komai ba. Ya sayo mata atamfa sabuwa da takalmi mai maɗauri, sai da ya shimfiɗa su a soro kowa ya taɓa ya yaba, sannan aka shigo da su. Ya karɓo mata rubutu, don shi a ganinsa hassadar maƙwabta ce aka jefo wa gidan ta faɗa kan tsohuwa. Da tsayuwa ta fara gagarar ta, ya kira kafinta ya kafa mata turke kusa da turmi don ta riƙa jingina tana juyawa. Wannan ma ya ba da labarinsa a masallaci, mutane suka ce kai, samun suruki irin Sabo sai an tona.

Ita kuwa yanzu bango take bi. Yatsun hannu sun fara, zura zare a allura ya gagara. In rana ta take, sai ta ga tsakar gida fari fat kamar an watsa gari. Kunne na yi mata kuka. Rannan ludayi ya suɓuce mata, mai ya zube. Sabo bai ce da ita komai ba, haba, ina shi ina faɗa da suruka. Uwani ya kira.

"A ce wa Inna ta riƙa ɗan kula. Yaƙi ake yi."

Ana cikin haka ɗan kwangila ya ninka odar man. Sabo ya ce wannan sai an yanka rago. Aka gayyato matan unguwa, aka kife ƙwarya a ruwa ana kiɗa, masu guɗa na yi. Tukwane a kan murhu, a gefe ana babbake kan rago. Gida ya rikice da shewa. Wata ta kafa hular Sabo ta hau babur a tsaye tana bum-bum da baki, mata suna faɗuwa don dariya.

"Ina Saje Kaka? A fito da Saje Kaka ta yi mana fareti!"

Hajo na ɗaki cikin sabuwar atamfa. Ta ce a'a, aka ce sai ta fito. Kiɗan ya shige ta. Rabon da a kira ta don wani abu ba turmi ba har ta manta. Ta tuɓe sabon takalmin don kada ya yi ƙura, ta bi bango ta fito. Aka ɗau guɗa.

Ta ɗaga ƙafa ta buga. Ta tafi hagu, mata suka turo ta dama. Ta tafi dama, suka turo ta hagu. Kanta na juyawa, gida na juyawa, sama na juyawa, ita kuma dariya har hawaye. Ta sara wa mai kiɗa, ta sara wa tukunya. Tangaɗi ya kai ta gefen murhu, ta samu bango ta dafa, ta tsaya nan tana rawa da kafaɗu, tana ce da su su ƙara wuta, yanzu ta fara.

"Kai, a juya kan ragon nan, yana ƙonewa," in ji wata.

"Wane kai? Na sauke tun ɗazu."

'Yardada ce ta duba ƙasa. An janye garwashi daga murhu don a rage wa tukunya wuta, an bar shi a gefe, toka ta rufe samansa. A kai Hajo take tsaye, ƙafa biyu.

Ihun da 'Yardada ta yi shi ya tsayar da kiɗan. Aka fizgo ta, aka kwara ruwa. Mata na salati, wasu sun rufe ido. Hajo ce ta ƙarshen sani. Tana zaune a ƙasa tana haki, da sauran dariya a bakinta, tana duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

"Me ya faru? Kiɗan fa?"

Malam Isyaku ya zo ya wanke ƙunar ya ɗaure. Ya sake gwada tsinkensa. Wannan karon har ya wuce gwiwa ba ta ce wash ba. Ya fito ya samu Sabo a soro.

"Na aiko maka da saƙo, Malam Sabo."

"Ya iso, kuma na ba da umarni, akwai shaidu. Ƙaddara ce kawai. Ka ga takalmin da na saya mata? Da tana sanye da shi da haka ba ta faru ba. Ita ta tuɓe."

"Ciwo a ƙafar da ba ta ji, a jikin da ba ya samun abinci, ba ya saurin warkewa. Ko ya warke, ba za ta sake tsayuwa ba."

"Ko da turken?"

Isyaku ya ɗauki jakarsa ya fita ba sallama.

Oda ba ta jira. Sabo ya ɗauko mata biyu daga Ƙofar Ruwa su riƙa matsa. Waɗannan ba surukansa ba ne. Tun ranar farko suka ce su ba sa cin garin kwaki, tuwo za a ba su da nama. Suna aiki suna dangwala ƙuli a sabon mai suna ci, suna kallonsa. Sai ya yi kamar bai gani ba. Suka ce kuma suna son ɗakin da za su riƙa ajiye gyaɗa. A ranar Sabo ya gano cewa hayaƙin birni ne ke hana ƙafar Inna warkewa, iskar ruga za ta fi mata. Aka aika wa ƙanenta Gidaɗo.

Gidaɗo ya zo da hantsi, da jaki da sanda, siriri kamar sandar tasa. Ya ga ƙafafun a naɗe da tsumma, ya ga wuyan yayarsa, ya kau da kai. Shi ma ɗan ruga ne. Ya durƙusa gaban Sabo.

"Allah ya saka da alheri, Malam. Ka riƙe mana ita, mun gode."

"Haba Kawu, ai uwa ce."

Aka ɗauko ta aka ɗora kan jaki a ƙofar gida, ƙafafu na reto. Maƙwabta sun fito sallama. Sai ga Uwani har soro, ido jawur, ta miƙo kwalba cike da sabon mai, na fari, ta bayan ƙyaure. Aka karɓa aka sa wa Hajo a cinya. Sabo ya gani. Ga mutane, ba halin magana.

"Madalla," ya ce da ƙarfi. "Ni na ce a ɗura mata." Sannan ya matsa kusa da Gidaɗo ya rage murya, amma ba ta ragu sosai ba. "Kawu, in an juye, a aiko da kwalbar. Ka san yaƙi, kwalba ta yi wuya."

Hajo ta ji. Kunnen da ke kuka ya ji wannan.

"Gidaɗo, miƙo mini ƙwaryata."

Ya kwance ta daga jikin kaya ya ba ta. Ta cire toshiyar da haƙori, don yatsun ba sa riƙo. Ta tsiyaye man a ƙwarya har ɗigon ƙarshe. Sannan ta ture mayafi baya, ta ɗago kai ta dubi Sabo, ido cikin ido. Bai taɓa ganin fuskarta sosai ba sai ranar. Ta tsoma yatsa, ta kai baki, ta tsotse a hankali.

Maƙwabta suka dubi juna.

"Ashe haka yake," ta ce. Dariya ta taso mata, irin ta da. "Ashe na iya." Ta sake tsomawa ta lasa, sannan ta miƙa masa kwalbar. "Ungo, Malam. Kada yaƙi ya tsaya saboda ni."

Ya karɓa. Wallahi ya karɓa. Gidaɗo ya taɓa jaki da sanda, suka bi lungu, tana rungume da ƙwarya kada ta zube.

Ba a taɓa dukan Hajo a gidan nan ba. Ba a zage ta ba, ba a ɗaga mata murya ba. Kullum sai an tuɓe takalmi an durƙusa mata. Da gaisuwa aka cinye ta, kowa na gani, kowa na dariya, har da ita.

An daɗe ana maganar a unguwa. Ba maganar ƙafar ba, wannan ƙaddara ce, an gama da ita. Maganar yatsan ake. Mata na riƙe haɓa, wai Bafulatana guda ta lashi abu a gaban surukinta, a ƙofar gida, tana kallon idonsa. Aka ce lalle ciwon ya taɓa mata kai. Aka yi ta ba Sabo haƙuri a masallaci. Shi kuwa, da yake mutumin kirki ne, ya ce ba komai, ya yafe mata.